Dodge Charger a titunan Abuja: wacce za ka saya, wacce za ka bar wa dillali

Duk mai bin titin filin jirgi ko babban titin Kubwa da yamma ya san rurin Dodge Charger tun kafin ya hango ta. Mota ce doguwa mai ƙofa huɗu, tsawonta ya ɗan haura mita biyar, faɗinta mita ɗaya da santimita 90, kuma galibi tayoyin baya ne ke tura ta, ba na gaba ba kamar Camry da Accord da muka saba da su. Samfurin da ya cika wuraren saida motoci a Abuja shi ne wanda aka ƙera daga 2011 zuwa ƙarshen 2023 a masana'antar Brampton ta ƙasar Kanada. An sake mata fuska da fitilu a 2015, kuma a watan Disamban 2023 aka rufe ƙera ta. Sabuwar da ta gaje ta wata mota ce daban, ba ita muke magana a kai ba.

Ga hukuncinmu tun daga farko, sai dalilai su biyo baya. Charger ta dace da manyan titunan Abuja, kuma ƙarfin da take bayarwa a farashinta da wuya ka same shi a wata mota mai ɗaukar mutum biyar. Amma a cikin jinsunanta guda ɗaya ce muke ba mai saye shawara da zuciya ɗaya: R/T mai inji lita 5.7, ƙirar 2015 zuwa sama, in da hali 2017 zuwa sama. Abin da ke jefa mutane cikin asara kuwa ba ƙirar motar ba ne. Tarihin da ta baro a Amurka ne, da irin baƙin man da ake zuba mata a nan.

Injuna huɗu a jiki ɗaya

Jikin motar kusan ɗaya ne, injin ne ke raba su. Na ƙasa shi ne Pentastar mai silinda shida, lita 3.6, ƙarfin doki 292, wasu 300. Shi ke cikin SE da SXT da GT. Sai HEMI mai silinda takwas, lita 5.7, ƙarfin doki 370, wanda ke cikin R/T. Sama da shi akwai HEMI lita 6.4, wanda ake rubuta wa 392 a jiki: doki 470 a SRT8 ta 2012 zuwa 2014, sannan 485 a Scat Pack da SRT 392 daga 2015. Na ƙoli shi ne Hellcat, lita 6.2 mai na'urar cusa iska cikin inji, wanda ya fara da doki 707 a 2015, Redeye kuma ta kai 797.

Dalilin da ya sa muke jaddada 2015 giya ce. Masu silinda takwas na 2011 zuwa 2014 suna da tsohuwar giya mai hawa biyar da aka gada daga Mercedes tun zamanin haɗin gwiwar Daimler da Chrysler. Tana da ƙwari, amma tana da nawa, kuma tana ƙara shan mai. Daga 2015 aka sa musu giya mai hawa takwas ƙirar kamfanin ZF na Jamus, wadda ta sauya halin motar gaba ɗaya: tana canji da sauri ba tare da fizga ba, a doguwar hanya kuma inji na tafiya a sanyaye. A 2017 ne allon dashbod ya samu Apple CarPlay da Android Auto.

Karanta VIN kafin ka karanta tambari

Tambarin Hellcat da na 392 ana saida su a kasuwa, bamba da bonet da fitilun 2019 ma ana ɗaura wa motar 2012 su zauna daram. Saboda haka kada ka yi ciniki da abin da ke manne a jiki. Lambar VIN, wato lambar shasi mai haruffa 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma dole biyun su zo ɗaya da abin da ke takardar kwastan.

Ƙirga zuwa harafi na takwas, shi ne injin. G na nufin 3.6, T na nufin 5.7, J na nufin 6.4, lamba 9 kuwa Hellcat ce. Harafi na goma shi ne shekara: B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023. Idan dillali ya ce maka, "Alhaji, 2019 ce Scat Pack," ka ga harafi na takwas G ne, na goma kuma D, to mai silinda shida ce ta 2013 da aka yi wa kwalliya. Ba laifi ba ne mutum ya saye ta in yana so, amma a kuɗin SXT ta 2013.

Harafi na bakwai ma yana da magana. A ƙirar 2012 zuwa sama, A ko K a wurin na nuna motar 'yan sandan Amurka ce, wadda ake kira Pursuit. Sauran alamominta su ne sandar giya a jikin sitiyari maimakon tsakanin kujeru, rim na ƙarfe inci 18, da ramukan da aka toshe a rufi da dashbod inda aka cire jiniya da rediyo. Waɗannan motoci kan zo da arha, kuma kilomitar da ke allo kan yi kaɗan, sai dai motar sintiri tana shafe sa'o'i a tsaye inji na aiki. Shiga jerin bayanan da ke allon gaban direba ka nemo sa'o'in aikin inji. Idan ka ga dubban sa'o'i na tsayuwa, ka ɗauka injin ya tsufa fiye da abin da kilomita ta nuna.

Sannan ka rubuta VIN ɗin a Google, ka kuma sayi rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar a Amurka. Motoci da yawa da ke shigowa daga gwanjon kamfanonin Copart da IAA na Amurka suke, kuma hotunan ranar gwanjo kan fito. Mota mai irin wannan ƙarfi ba kasafai ake buge ta a hankali ba. Bugun gefe da aka canja ƙofa abu ne mai sauƙi. Bugun gaba da ya lanƙwasa shasi, ko wadda ambaliya ta ci, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Akwai kuma batun sata: cibiyar HLDI mai tattara bayanan inshora a Amurka ta sa Charger Hellcat da Charger mai HEMI a kan gaba cikin motocin da aka fi sacewa na ƙirar 2020 zuwa 2022. Motar da ba ta da tarihi mai tsabta da takardar kwastan da aka tantance, arharta ba ta da amfani.

Yadda take a kan hanya

A titin Umaru Musa 'Yar'aduwa ko titin Kubwa, inda kwalta ke da faɗi da santsi, nan Charger ke nuna kanta. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta haura mita uku, nauyin R/T kuma ya kusa tan biyu, don haka tana zama a kan hanya ba rawa, iskar tirela ba ta kaɗa ta. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a sa'a R/T na yin daƙiƙa biyar da 'yan kai, Scat Pack huɗu da 'yan kai. Amma amfanin ƙarfin a wurinmu ba a tashin danja yake ba, tunda iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi kilomita 100 ne a dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra. Amfaninsa a wuce babbar mota yake. A hanyar Akwanga zuwa Jos, inda hannu ɗaya ne kuma tireloli na jan ciki, taka totur ɗaya ya isa giya ta sauko hawa uku ko huɗu ka wuce ka koma hannunka kafin mai tahowa ya matso. Wannan tsaro ne na gaske.

A Hawan Kibo za ka ji bambancin 5.7 da 3.6. Jos na kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, kuma injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska na raguwa. Mai silinda shida, da mutum biyar da kaya da sanyi a kunne, sai ta riƙa neman giya tana kuka. HEMI kuwa tana hawa ba tare da ta ɗaga murya ba. A gangarowa ka mayar da giya hannu ka riƙe ta a uku ko huɗu. Mota mai tan biyu da aka ɗora wa birki tun daga sama har ƙasa za ta dafa man birki ta murɗe faifai, shi ya sa sitiyari ke rawa idan an taka birki daga baya.

Inda take shan wuya shi ne cikin unguwa. Tsayin cikinta daga ƙasa bai kai santimita 15 ba, Scat Pack da Hellcat sun fi ƙasa kuma suna da leɓe a ƙasan bamba. Tudun rage gudu irin na cikin rukunin gidaje, da gangaren shiga wasu gidajen mai, sai an bi su a karkace kuma a hankali. Wanda gidansa ke bayan kwalta a Lugbe ko Lokogoma ko cikin Kubwa, ya je ya dubi hanyar gidansa a watan Agusta kafin ya biya kuɗi. Kada a shiga da ita ruwan da ya kai tsakiyar taya.

Wani abin da wanda ya fito daga Camry ya kamata ya sani: a ruwan farko na damina, lokacin da mai da ƙura suka taso a kan kwalta, idan ka taka totur da ƙarfi a cikin kwana bayan motar ne zai zame. Akwai na'urar da ke riƙe ta, kuma tana aiki da kyau. Kada ka kashe ta, kada ka bar yaron gida ya kashe ta.

Taya ma kuɗi ce. R/T na ɗaukar 245/45 R20, Widebody, mai faɗin jiki, da ta fito a 2020 kuma 305/35 ZR20, wadda samunta sai an yi oda. Taya mai gajeren gefe ba ta yafe rami: gefen ya kumbura, ko rim ya lanƙwashe. SXT mai 215/65 R17 ta fi kowacce laushi a hanyoyinmu. Ka lura Scat Pack da SRT ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi, wanda ba ya maganin tayar da ta yage a gefe. Mai niyyar tafiya Kaduna ko Jos da su sai ya nemi cikakken rim da zai wuce kan birkin Brembo, ya ajiye a but.

Cikin mota

Kujerun gaba faffaɗa ne, mai jiki zai zauna ya sake, babbar riga ma ta samu wuri. A baya akwai wurin miƙe ƙafa, sai dai rufin ya zubo ta baya, dogon mutum mai hula zanna sai ya cire ta ko ya sunkuya. Na tsakiya zai raba ƙafa saboda tudun da sandar juya tayoyin baya ta bi. But ɗin ya kai kusan lita 467 kuma kujerun baya na kwantawa. Ganin baya ta madubi ba shi da kyau, don haka ka tabbata kyamarar baya na aiki.

Kayan ciki ba su kai na Lexus ba, gaskiya ke nan. Rana na ɗaga fatar saman ƙofofi ta bar jikin roba, kuma zafin Abuja na Maris da Afrilu na hanzarta hakan. Allon Uconnect mai inci 8.4 yana da sauƙin amfani, amma a wasu ƙirar 2017 zuwa sama manne gilashinsa kan saki, ka ga kumfa a gefe, allon ya riƙa danna kansa. Tunda wasu saitunan na'urar sanyi da kujeru ta allon ake yi, lalacewarsa ba ƙaramin abu ba ne. Duba gefunan allon da kyau cikin hasken rana. Ta fuskar kariya, hukumar NHTSA mai kula da tsaron motoci a Amurka ta ba ta taurari biyar a jimlace, amma a gwajin cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka na bugun kusurwar gaba ta ɓangaren direba, sakamakonta bai kai mai kyau ba. Tsohuwar ƙira ce, a nan shekarunta suka nuna.

Mai: nawa take sha, wane iri take so

Tankin ƙirar 2015 zuwa sama lita 70 ne. A ma'aunin hukumar EPA ta Amurka, mai silinda shida na yin kusan kilomita 8 a lita cikin gari da kusan 13 a doguwar hanya. R/T na yin kusan 6.8 da 10.6, Scat Pack 6.4 da kusan 10, Hellcat kuwa 5.5 a gari. Ka yi lissafi da kanka: mai yin kilomita 50 a rana, kwana 22 na aiki, ya yi kilomita 1,100 a wata. A R/T lita 160 ke nan da ɗoriya, sama da tanki biyu, ban da yawon ƙarshen mako. Wanda ke bin cunkoson Nyanya da Mararraba safe da yamma da sanyi a kunne zai sha fiye da haka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafi ya fi farashin motar muhimmanci ga mai albashi.

Nau'in man shi ne ya sa ba mu ba da shawarar Scat Pack da Hellcat ga mai hawa kullum. Lambar oktan, wato ma'aunin jure matsi na fetur, da ke littafin motar ta Amurka ce, ba irin ta RON da ake amfani da ita a nan ba. Inji 3.6 na shan 87, kusan RON 91. Inji 5.7 ya fi son 89 amma kamfani ya yarda da 87. Injuna 6.4 da 6.2 kuwa 91 suke so, wato kusan RON 95. A yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne a famfo, ba zaɓi. Idan oktan ya gaza, mai na fashewa kafin lokacinsa a cikin silinda. Kwamfutar mota na jin haka ta ja lokacin wuta baya, sai ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu, inji ya ƙara zafi. A 6.4 hasara ce, a Hellcat da ake cusa wa iska kuwa haɗari ne ga fistin idan ana matsa mata a rana mai zafi. Ruwan ƙara oktan na kwalba yana ɗan taimakawa, amma sayen sa a kowane tanki wani kuɗin ne, kuma jabunsa ya yi yawa.

Ƙarar HEMI da baƙin mai

Nan ne ya kamata mai saye ya fi kasa kunne. Ka ce wa dillali kada a tayar da motar kafin ka zo, ka taɓa bonet ka tabbata da sanyi, sannan a tayar kana tsaye kusa da tayar gaba.

Ƙara iri biyu ce, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba. Ta farko "tik-tik" ce mai ƙarfi da sanyin safiya, wadda ke ɓacewa bayan minti ɗaya ko biyu. Wannan yawanci ƙusoshin da ke riƙe bakin salansa a jikin kan inji ne suka karye, galibi na can baya. Hayaƙi na tsira ta wurin, ƙarfe na yin zafi ya buɗe ya toshe kafar. Haska tocila za ka ga baƙin toka a wurin, ko kan ƙusa ya ɓace. Gyaransa ciro guntun ƙusa ne da sabon gaskit, a kuma duba ko bakin salansar ya lanƙwashe. Abin a rage kuɗi ne, ba abin a fasa ciniki ba.

Ta biyu ita ce mai tsada. Ƙarar tana nan ko inji ya yi zafi, tana bin juyin inji, wani lokaci da rawa da fitilar inji a allo, na'urar bincike kuma ta nuna lamba tsakanin P0300 da P0308. A HEMI kamshaf ɗaya ne a tsakiyar inji, lifta 16 masu tura bawul na hawa kansa, kowace da 'yar taya mai ƙananan allurai a ciki. Idan alluran suka ci, tayar ta daina juyawa ta koma gurzar kamshaf har ta cinye tudunsa, garin ƙarfe ya bi baƙin mai ya zaga inji. Ba a fitar da lifta sai an sauke kan inji, don haka gyaran ya haɗa da kamshaf, da lifta, da gaskit, da ƙusoshin kai. In garin ƙarfen ya kai ga metal, inji ne gaba ɗaya. Mai son tabbaci ya sa a kwance filtar mai a yanka ta a duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin takardar. Doguwar tsayuwa da inji a kunne da jinkirin canja mai na cikin abubuwan da makanikai ke dangantawa da wannan ciwo, shi ya sa muka ja kunne kan motocin 'yan sanda. Al'adar barin direba a mota sa'a biyu da sanyi a kunne yana jiran maigida a Sakatariya ita ma ba ta yi wa wannan inji daɗi.

Baƙin man da kamfani ya rubuta wa 5.7 a yawancin shekarun ƙirar shi ne 5W-20, lita 6.6. Na 3.6 ma 5W-20 ne daga ƙirar 2013, 5W-30 a 2011 da 2012, lita 5.6. Na 6.4 da Hellcat 0W-40 ne. Za ka ji an ce, "Oga, wannan mai ruwa ne, ƙasarmu da zafi, a sa 20W-50." Kada ka yarda. Injunan 5.7 da 6.4 suna da tsarin MDS da ke kashe silinda huɗu idan ana tafiya a hankali don rage shan mai, kuma da matsin baƙin mai yake aiki ta ƙananan kafofi. Mai kauri ba ya wucewa da saurin da ake so, kuma da safe yana jinkirin isa ga lifta. Kwamfutar har lamba take da ita ta wannan, P1521, ma'anarta an zuba man da bai dace ba. Littafin motar ya ce inda ake da ƙura ko yawan tsayuwa a canja mai a kilomita 6,500, kuma Abuja da hunturunta da cunkosonta ta shiga wannan sahu. Filtar iska a duba ta kowane wata daga Disamba zuwa Fabrairu. Filogi kuma 16 ne a HEMI, biyu a kowace silinda, a canja su gaba ɗaya.

Sauran wuraren dubawa

A mai silinda shida, gidan filtar mai na roba ne kuma yana zaune a kwarin da ke tsakiyar inji. Zafi na tsaga shi, ɗaure murfin filta da ƙarfi fiye da kima ma na tsaga shi. Mai ya taru a kwarin ya gangaro ta bayan inji, sai a ce sil ɗin baya ne a sauke giya a banza. Haska tocila cikin kwarin tukuna. Akwai na alminiyam da ake maye gurbinsa da shi. Ƙirar 2011 zuwa 2013 kuma an san su da matsalar kan inji na hagu.

Kada a cire tamostat, kada a haɗa fanka kai tsaye, kada a zuba ruwan famfo a lagireto. Daga 2013 ruwan sanyaya inji nau'in OAT ne, kafin nan HOAT, kuma haɗa su na iya yin kauri ya toshe lagireto. Iskar na'urar sanyi ma iri biyu ce, R134a a tsofaffi da R1234yf a na baya, takardar da ke ƙarƙashin bonet za ta faɗa maka.

Giya mai hawa takwas ba ta da sandar auna mai. Filtarta a jikin kwanon ƙasa take, tare ake canja su, kuma ana cika man ne mota na kan daidai, inji na aiki, zafin man tsakanin digiri 30 da 50 a na'urar bincike. Man ZF Lifeguard 8 ko na Mopar, sashen kayan gyaran Dodge, da aka yi domin ta kawai take sha. ZF na ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 da 120,000. Makanikin da ya ɗauko jan man giya na gama-gari, ka karɓi makullinka.

Batir a but yake, ƙarƙashin shimfiɗa, da akwatin fis a kusa da shi. Yana da siririn tiyo mai fitar da iskar batir waje, a tabbata an mayar da shi in an canja. Wurin nan ne kuma ya fi tona asirin motar ambaliya: laka a lungu, tsatsa a ƙusoshi, kore-kore a kan wayoyi. Daga nan a ɗaga motar. Bushin hannayen gaba na saurin ci, alamarsa ƙwanƙwasa idan an taka birki ko an hau tudu. A duba ko "indomi", wato matatar hayaƙi, na nan a salansa, don ana yanke shi a saida. A shafa cikin mazaunin tayoyin baya: idan ka ji dunƙulen roba a manne, an sha ƙona taya da motar, giya da aksul sun ji jiki.

Kayan gyara da abokan takara

Filta, takalmin birki, filogi da kayan ƙafa ana samu a Apo, abin da babu a sa a kawo daga Ladipo a Legas. Yana taimakawa cewa Chrysler 300 da Dodge Challenger kayan ƙasa da inji ɗaya suke amfani da su, injunan 3.6 da 5.7 kuma suna cikin Jeep Grand Cherokee da Dodge Durango. Fitila, bamba, allo da kayan Brembo su ne kan sa mota ta kwana biyu a gareji ana jiran oda daga Amurka ko Dubai. Mazaunin Jos ya sa a ransa cewa wasu kayan daga Abuja za su zo. Ka nemi makanikin da ke da na'urar binciken da ke karanta motocin Chrysler tun kafin ka sayi motar, kuma shi za ka tafi da shi wurin dubawa.

Wanda burinsa babbar mota mai laushi da sauƙin saidawa, Toyota Avalon ko Lexus ES 350 sun fi masa, kowane makanike ya san su kuma ba sa daɗewa a hannun dillali. Lexus GS 350 tana tura baya kamar Charger kuma ta fi ta kyan ciki, sai dai ba ta da faɗinta ko jan silinda takwas. Charger SXT ko GT ta ishi mai son siffar da rage shan mai, kuma ita ce ta fi jure man famfonmu. Scat Pack sai ga wanda ke da mota ta biyu da hanyar samun mai mai kyau. Ga R/T kuwa, bayan kuɗin saye ka ware na taya huɗu, da canjin baƙin mai da man giya da ruwan lagireto a makon farko, domin ba ka san abin da aka zuba mata kafin ta iso hannunka ba.